Ƙidaya Ƙaho Kafin Ka Harba

Jama'a, yau muna so mu jawo hankalinku ga wata dokar farauta wadda ake aiki da ita a waɗansu jihohin ƙasar Amurka. Dokar nan ta ce maharbi ba shi da ikon harbin namijin barewa sai ya tsaya ya ƙidaya rassan ƙahonsa, ya tabbata sun kai adadin da Hukuma ta yanka. Wanda ya ji wannan da fari zai zaci wasa ne, ko kuwa fi'ilin mutanen da suka ƙoshi. Amma in aka bi labarin daga tushe za a tarar magana ce ta yadda ake riƙon dukiyar da kowa ke da haƙƙi a cikinta, wadda kuma ba wanda ya isa ya ce tasa ce shi kaɗai. Irin wannan magana kuwa ta shafi kowane malamin makaranta da kowane ma'aikacin Hukuma, saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana ta filla-filla, sa'an nan mu faɗi ra'ayinmu.

Dabbar da ake magana a kanta ba irin barewarmu ba ce sosai, ko da ya ke sun yi kama a ƙira da gudu. Za mu kira ta barewar Amurka domin sauƙi. Tana da farin gashi a ƙarƙashin wutsiya, wanda ta kan ɗaga in ta tsorata. Babban abin da ya raba ta da namu dabbobin dawa shi ne ƙaho. Ƙahon barewa da gada da gwanki irin na saniya ne, ba ya yin rassa, in ya fito kuma ya fito ke nan har ran mutuwa. Na barewar Amurka kuwa ƙashi ne tsantsa, yana yin rassa kamar itace, namiji ne ke yinsa, kuma kowace shekara sai ya faɗi ƙasa wajen ƙarshen lokacin sanyi, wani sabo ya tsiro. Sa'ad da ya ke tsirowa yana lulluɓe da wata fata mai laushi mai jini. Wajen watan Satumba sai ya ƙosa, fatar ta bushe, namijin ya goge ta a jikin itatuwa, ya shirya wa faɗa da 'yan'uwansa maza, gama barbara ta kan yi ƙarfi cikin watan Nuwamba.

Girman ƙahon nan abu uku ke kawo shi, watau shekaru da abinci da gado. Ana haihuwar 'ya'yan cikin Mayu ko Yuni, saboda haka in lokacin farauta ya zo a ƙarshen shekara mai bi, ɗan namijin yana da shekara ɗaya da rabi, yana ɗauke da ƙahonsa na fari, wanda galibi ƙarami ne, wani ma tsinke biyu ne kawai ba reshe. Ƙahon ba ya kai iyakar girmansa sai dabbar ta shekara biyar ko shida. To, a nan dabarar dokar ta ke. Tun da ba wanda zai iya buɗe bakin barewa a guje ya duba haƙoranta, kamar yadda Bafillace ke duban na saniya a kasuwa, sai aka ɗauki rassan ƙaho su zama alamar shekaru wadda ido ke gani daga nesa. In aka hana harbin mai 'yan rassa kaɗan, an ceci yawancin 'yan shekara ɗaya da rabi ke nan, su ƙara shekara.

DAJIN KOWA DA KOWA

A dokar Amurka dabbar dawa ba ta mai gona ba ce, ba ta sarki ba ce, ta jama'ar jiha ce duka, Gwamnatin jiha kuwa amana ta ke riƙe musu. Ita ke yanka lokacin farauta, ta sayar da lasin, ta faɗi yawan da mutum ɗaya zai kashe. Tun 1937 kuma akwai dokar da ta sa harajin da ake karɓa kan bindigogi da harsashi ya riƙa komawa ga jihohi domin kiwon dabbobin dawa. Ban da wannan akwai dazuzzuka masu faɗi waɗanda ke hannun Gwamnati, inda duk mai lasin ke da ikon shiga ya yi farauta ba tare da ya roƙi kowa ba. A jihar Fensilbaniya kaɗai, Hukumar Farauta, wadda aka kafa cikin 1895, tana riƙe da wajen eka miliyan ɗaya da rabi, yawancinsu da kuɗin lasin na maharba aka saye su.

Mai dajin kansa ba ya bukatar doka kafin ya ƙyale ƙaramin namiji. In ya gan shi bana ya bar shi, yana da sa ran zai same shi baɗi ya ƙara girma, gama ba mai shiga masa fili sai da izninsa. A dajin jama'a kuwa lissafin ya sha bamban. Maharbi ya ga ɗan namiji mai tsinke biyu, zuciyarsa ta ce masa ya bar shi ya girma, amma ya san a bayan tudun can akwai wani riƙe da bindiga wanda ba zai bari ba. In ya yi haƙuri, wani ne zai ci haƙurin nasa. Saboda haka sai ya harba, na bayan tudu ma da ya ke irin wannan tunani ya harba nasa, kowa yana ganin ɓarnar, ba wanda ya iya tsai da ita shi kaɗai. Ba rashin hankali ke sa su haka ba, rashin amincewa da juna ne. Abin da doka ke yi a nan shi ne ta tabbatar wa mai haƙuri cewa maƙwabcinsa ma an ɗaure masa hannu kamar yadda aka ɗaure nasa.

ABIN DA YA FARU A FENSILBANIYA

Labarin jihar nan ya isa misali. Wajen 1900 barewa ta kusa ƙarewa a cikinta, saboda sare dazuzzuka da harbi domin sayar da nama a kasuwa. Har ya kai daga 1906 Hukuma ta shiga sayo barewa daga Mishigan da waɗansu jihohi tana sakewa a daji. Cikin 1907 aka hana harbin mace, aka ce maza kaɗai za a riƙa kashewa. Dokar ta yi aiki fiye da yadda aka zata, barewa ta yaɗu ko'ina. Amma ta bar wa mutane wata al'ada mai wuyar kankarewa, watau ganin harbin mace abin kunya ne, harbin namiji kuwa, kome ƙanƙantarsa, shi ne jarunta. Uba ya koya wa ɗa, ɗa ya koya wa jika. Farautar nan babbar al'ada ce a wurinsu, har makarantu da yawa na ƙauyuka su kan ba da hutu a farkon lokacinta.

Sakamakon wannan al'ada ya fito ta fuska biyu. Ta fuskar fari, mata suka yi yawa, garke ya fi ƙarfin dajin. Barewa na cin tohon itatuwa tun suna ƙanana, har ya zama in an sare manyan itatuwan katako ba waɗansu da ke tasowa a madadinsu. Ma'aikatan gandun daji suka riƙa kewaye ɗan fili da waya domin gwaji, bayan 'yan shekaru sai a ga cikin shingen ya yi duhu da ƙananan itatuwa, wajensa kuwa fayau. Manoma na kukan ɓarnar amfanin gona, masu motoci na karo da barewa a kan hanya. Ta fuska ta biyu, maza ba sa samun tsufa. Kafin 2002 doka ta yarda a harbe duk namijin da ƙahonsa ya kai inci 3, ko wanda ke da reshe biyu a gefe ɗaya, wajen kashi 80 cikin 100 na mazan da ake kashewa kowace shekara kuwa 'yan shekara ɗaya da rabi ne.

Cikin 1999 aka ɗora wa wani masanin dabbobi mai suna Gary Alt shugabancin aikin barewa a jihar. Dā ma ya yi suna wajen binciken halin dabbar nan beyar. Mutumin nan bai zauna a ofis ya rubuta takarda ba kawai. Ya bi gari gari yana tara maharba a ɗakunan taro na makarantu, yana ɗaga musu ƙaramin ƙaho da babba, yana nuna musu bambancin da shekara ɗaya ko biyu ke kawowa. Abin da ya kai musu ciniki ne. Ku rage mata domin daji ya farfaɗo, ku ƙyale ƙananan maza, ku kuwa za ku samu manyan ƙahoni waɗanda iyayenku ba su saba gani ba. Cikin 2001 aka haɗa lokacin harbin mace da na namiji, daga baya kuma aka ƙara yawan lasin na mata. Cikin 2002 aka kafa dokar ƙaho: a yawancin jihar sai mai reshe uku a gefe ɗaya, a yammacinta kuwa, inda ƙasa ta fi albarka ƙaho ya fi saurin girma, sai mai reshe huɗu. Ba a ƙidaya reshe sai ya kai inci ɗaya. Aka keɓe yara masu lasin na ƙanana, da naƙasassu masu takardar izni, da sojan da ke bakin aiki, aka bar su a kan tsohuwar doka. A shekarar nan ta 2002 an kashe barewa fiye da 500,000 a jihar, yawancinsu mata.

Ya kamata a lura da wannan wuri, gama mutane da yawa sun ɗauki dokar ƙaho ita ce maganin. Mu a ganinmu zuma ce aka shafa a bakin ƙoƙon magani. Abin da ke ceton daji shi ne rage yawan mata, tun da su ke haihuwa, namiji ɗaya kuwa ya isa mata da dama. Da zumar ta ƙare aka ji ɗacin. Bayan shekara biyu ko uku maharban da ke zuwa dazuzzukan Gwamnati na arewacin jihar suka fara kukan sun yini ba su ga ko wutsiya ba, suka kai ƙara ga wakilansu, gardama ta yi zafi, Gary Alt ya bar aikin a ƙarshen 2004. Daga baya Hukuma ta rage lasin na mata a wurare da dama. Dokar ƙaho kuwa ta zauna, sai ɗan gyara da aka yi wa ta yamma cikin 2011 domin sauƙaƙa ƙidaya.

Me aka samu? Hukumar ba ta tsaya ga zato ba. Ta kama maza ta ɗaura musu na'urar bin sawu, ta kuma aika ma'aikatanta wurin mahauta kowace shekara suna duban haƙoran dubban barewa. Suka tarar yawancin 'yan shekara ɗaya da rabi suna tsira, kuma mazan da suka kai shekara biyu da rabi ko fiye, waɗanda dā kashi ɗaya cikin biyar ne na abin da ake kashewa, sun kai rabi, daga baya ma suka haura rabi. Tambayoyin da aka yi wa maharba sun nuna mafi yawansu sun yarda da dokar. Amma akwai alkawari ɗaya da bai cika ba. An yi zaton in manyan maza suka yi yawa lokacin ɗaukar ciki zai gyaru, da aka auna sai aka ga bai sake ba, dā ma matan na ɗaukar ciki a kan kari. Hukumar ta faɗi haka a fili ba ta ɓoye ba, mu kuwa muna ganin wannan ya ƙara mata daraja, bai rage ba.

INDA MA'AUNI YA YI KUSKURE

Kada mai karatu ya zaci duk inda aka kai dokar nan alheri ta ke haifarwa. Jihar Misisifi ta riga Fensilbaniya, gama tun 1995 ta hana harbin namijin da rassansa duka ba su kai huɗu ba. Bayan 'yan shekaru masana na Jami'ar Jihar Misisifi suka duba lissafin dazuzzukan Gwamnati, suka tarar a waɗansu wurare masu ƙasa mai albarka ƙahonin manyan maza sai ƙanƙancewa su ke yi. Dalilin a bayyane ya ke in an yi tunani. A irin waɗannan wurare ɗan shekara ɗaya da rabi mai ƙoshin lafiya ya riga ya yi reshe huɗu, saboda haka doka ta halatta shi aka harbe shi tun yana yaro, kumamansa kuwa doka ta tsare shi ya girma. Watau an riƙa tsame na kirki ana barin na baya, kamar manomin da ke cinye manyan zangarniyoyi ya ajiye ƙanana domin iri. Cikin 2009 jihar ta bar ƙidayar rassa, ta koma auna faɗin da ke tsakanin ƙahonin biyu ko tsawonsu, ta kuma raba ma'aunin bisa ga irin ƙasar kowane yanki.

Jihar Teksas ta bi wata hanya daga 2002, ta fara gwaji a gunduma shida kafin ta faɗaɗa. Ta ce a harbe namijin da faɗin tsakanin ƙahoninsa ya kai inci 13, ko kuwa wanda ke da ƙaho ɗaya aƙalla mara reshe. Hikimar inci 13 ita ce, in dabbar ta miƙe kunnuwa tana sauraro, daga bakin wannan kunne zuwa wancan wajen inci 13 ne, saboda haka maharbi ba ya bukatar awo a hannu, dabbar na ɗauke da ma'auninta a kanta. Wannan shi ne irin dokar da talaka zai iya bi, gama dokar da ba a iya ganewa da ido a cikin daji da asuba tarko ce kawai aka ɗana wa mutanen kirki.

Akwai kuma wata matsala wadda masu kafa dokar ba su yi shirinta ba. Wani ciwo ne mai rama dabba yana taɓa ƙwaƙwalwarta, wanda aka fara gani a Kolarado cikin 1967, ya yi ta yaɗuwa har ya kai Fensilbaniya cikin 2012. Ba shi da magani, duk dabbar da ya kama mutuwa ta ke yi. Bincike ya nuna ya fi yawa ga manyan maza, kuma 'yan shekara ɗaya da rabi su ne ke barin inda aka haife su su yi tafiyar mil da dama neman sabon wuri. Ashe dokar da ke ceton ƙananan maza tana iya zama mai taimakon ciwo ya yi tafiya. Saboda haka jihar Misuri, wadda ta fara dokar reshe huɗu cikin 2004, ta ɗage ta a gundumomin da ciwon ya ɓulla, jihar Minesota ma ta janye tadda ta kafa cikin 2010 a kudu maso gabashinta. Ba su ji kunyar warware abin da suka ƙulla ba da hali ya sake.

KUKAN MAI NEMAN NAMA

Masu ƙin dokar nan suna da hujja wadda bai kamata a raina ba. Suka ce ba a dafa ƙaho, mutumin da ya shiga daji domin ya cika wa iyalinsa tukunya ba ruwansa da rassa. Suka ce mai kuɗi ya kan yi hayar dajin wani ya zauna mako guda yana zaɓe, amma leburan da ya samu hutun kwana ɗaya ko biyu dajin jama'a kaɗai gare shi, wataƙila kuma namiji ɗaya zai gani duk shekarar, in doka ta hana shi wannan ya koma gida hannu rabbana. Suka ƙara da cewa tsoho mai raunin ido ba zai iya ƙidayar rassa a cikin duhuwa ba, kuma ba daidai ba ne Hukuma ta ɗora wa kowa sha'awar masu son rataya ƙaho a bango.

Mun auna wannan kuka, mun ga rabinsa gaskiya ne. Amsarsa ita ce dokar ƙaho ba ta da adalci in ta zo ita kaɗai, sai an haɗa ta da buɗe wa mai neman nama ƙofar harbin mace, wadda namanta ɗaya ne da na namiji, rage ta kuma shi ne abin da dajin ke bukata. Sai kuma an yi sassauci ga yara da masu rauni, an kuma bar wa wanda ya yi kuskure hanyar fita. A Fensilbaniya wanda ya harbe ƙaramin namiji bisa kuskure, in ya kai kansa da dabbar wurin jami'in Hukuma cikin lokacin da aka yanka, 'yan kuɗi kaɗan ya kan biya, ba a yi masa hukuncin mai ganganci. Da ba domin wannan ba, da mutane sun riƙa barin mushe a daji suna gudu. Jihar Mishigan kuma ta sa wa kanta ƙa'ida cewa in wata ƙungiya ta nemi a kafa dokar ƙaho a wani yanki, sai an tambayi maharban yankin, an samu kashi 66 cikin 100 sun yarda. Wanda aka shawarta ya fi wanda aka umarta riƙon doka, balle a daji inda ba ɗan doka a bayan kowane itace.

RA'AYINMU

Mun goyi bayan dokar nan a dajin jama'a, gama mun gamsu cewa inda dukiya ta kowa ce, haƙurin mutum ɗaya ba ya tsai da ɓarna sai an ɗaure kowa da igiya ɗaya. Amma goyon bayanmu yana da sharaɗi. Ma'aunin ya fito daga lissafin wurin da za a yi aiki da shi, kada a aro shi daga wata ƙasa, domin abin da ya ceci ƙananan maza a duwatsun Fensilbaniya shi ya hallaka na kirki a fadamun Misisifi. A bayyana wa jama'a dalili da bakin da za su gane, a faɗa musu ɗacin tare da zaƙin. Sa'an nan a riƙa komawa ga lissafi kowace shekara, in ya nuna dokar ta kauce a gyara ta ko a soke ta, ba tare da jin nauyin wanda ya kafa ta ba.

Ku malaman ofis, ku duba ku gani duk wannan labari a kan rajista ya tsaya. Da ba a rubuta shekaru da awon ƙahon kowace dabba da aka fitar daga dajin Gwamnati ba, da har yau Misisifi na kan kuskurenta tana tsammanin daidai ta ke yi. A Fensilbaniya doka ta ce duk wanda ya kashe barewa ya sanar da Hukuma, amma da yawa ba sa yi, Hukuma kuwa ta san haka. Sai ta riƙa gwama lambobin da ma'aikatanta suka gani wurin mahauta da waɗanda aka kawo rahotonsu. Ga misali domin a gane: a ce an duba dabba 100 wurin mahauta, aka tarar 40 kaɗai aka kawo rahotonsu, a gundumar kuma rahoto 4,000 ya shigo, to, an san abin da aka kashe ya kai wajen 10,000. Wannan lissafi ɗan aji shida zai iya yinsa, amma ba shi da amfani in wanda ya cika littafin ya zauna a inuwa ya ƙaga lambobi. Malamin da ya rubuta ƙarya cikin rajista domin ya huta, ko domin ya faranta wa na gaba da shi, ya ɓatar da duk wanda zai yanke shawara bisa littafin nan, ko da bayan shekara goma ne.

Ku kuma malaman makaranta, ku tuna al'adar da ta hana mutanen Fensilbaniya harbin mace ta fara ne da doka mai kyau ta 1907, aka koya wa yara hukuncin ba a koya musu dalilinsa ba, har ya zama bayan dalilin ya wuce hukuncin ya zauna daram wajen shekara ɗari yana cin daji. Mu da muka daɗe cikin aikin makaranta mun san wannan cuta, gama haddar ƙa'ida ta fi bayyana dalili sauƙi ga malami da almajiri duka. In kun koya wa yaro cewa kada a kashe dabba mai ciki, ko kada a sa wa daji wuta, ku sa shi ya yi lissafin abin da garke zai zama bayan shekara biyar in an bari da in ba a bari ba. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa zai san lokacin da ƙa'ida ke da amfani, ya kuma gane ran da ta bukaci gyara.

Ba muna cewa a kawo ƙidayar rassa ƙasarmu ba, tun da ƙahonin dabbobinmu ba su da rassan da za a ƙidaya. Dokoki kuma muna da su tun dā. An keɓe dajin Yankari cikin 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara cikin 1962, Jihar Arewa kuma ta yi dokar dabbobin dawa cikin 1963. Duk da haka duk wanda ya tambayi tsofaffin garinsu zai ji sunayen dabbobin da suka saba gani a bayan gari waɗanda jikokinsu ba su taɓa sa wa ido ba. Farautar gayya ta rani, da karnuka da wuta, ba ta tambayar shekaru, ba ta kuma tambayar mai ciki. Mutanen Amurka sun kai barewarsu bakin ƙarewa wajen 1900, yau kuwa ana ƙiyasta ta da miliyoyi masu yawa, har yawanta ya zama abin da ake neman dabarar ragewa. Abin da ya maido ta shi ne lasin da ake biya, da littafin da ake cikawa da gaskiya, da maharbin da ya yarda ya sauke bindiga ya ƙidaya kafin ya harba, domin ya tabbata na bayan tudu ma haka zai yi. Waɗannan uku ba su fi ƙarfinmu ba, kuma biyu daga cikinsu a hannun masu karanta wannan jarida su ke. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.